Yadda Nake Mayar Da Madubin Tsakiya Idan Ya Ɓalle Daga Gilashin Mota

Yawanci ba ya faɗowa a kan idonka. Ka ajiye mota a rana, ka dawo ka buɗe ƙofa, sai ka tarar da madubin tsakiya kwance a ƙasan giya, ko kuma yana reto a jikin wayarsa. Abin da hannu ke fara rarumowa supa gulu ne: a shafa a gindin madubin, a danna a gilashi, a riƙe har hannu ya gaji. Ya yi kwana biyu ko mako guda, sannan a shiga gargada ya sake zubowa, wannan karon da busasshen gam fari fat a jikin gilashin, wanda sai an sha wahala kafin a kankare shi.

Aikin ba shi da wuya. Amma wanda bai san yadda aka haɗa abin tun farko ba, zai yi ta liƙawa yana faɗowa.

Ɗauki madubin ka juya bayansa. A ƙarshen wuyansa, wato inda yake haɗuwa da gilashi, za ka ga wani ɗan ƙarfe shafaffe, bai fi faɗin babban yatsa ba, an zura shi cikin gindin madubin. Wannan ɗan ƙarfen shi kaɗai ne ake liƙawa a gilashi. Madubin kuwa rataye shi ake yi a kansa daga baya. Don haka ba madubi za ka liƙa ba, ɗan ƙarfen za ka cire, ka liƙa shi shi kaɗai, ya kama, sannan ka ɗora masa nauyi. Duk wanda ya shafa gam ya danna madubin gaba ɗaya, ya ɗora wa ɗanyen gam kayan da ba zai iya ɗauka ba, kuma hannunsa ba zai taɓa tsayawa cik na minti guda da abu mai nauyi haka ba.

A masana'anta, da zafi da matsi ake manna wannan ƙarfe tun lokacin da ake haɗa gilashin, shi ya sa yake shekara da shekaru bai motsa ba. Abin da ke cin ƙarfinsa a hankali rana ce. Motar da aka rufe a rana, saman dashbod ɗinta kan wuce digiri 70 na zafi. Ƙarfe da gilashi kuma ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ɗauki zafi: ƙarfe ya fi gilashi buɗewa, alminiyam ma ya ninka gilashi fiye da sau biyu. Kullum da rana su ja, da dare su koma, gam ɗin da ke tsakaninsu yana shan wannan ja-in-ja har ya gaji.

Nan ne dalilin da ya sa supa gulu ba ya aikin. Idan ya bushe ƙandarewa yake yi, ba ya ba da kai ko kaɗan, ga shi ba ya jure zafi da laima da girgiza. Gam mai haɗi biyu irin su Araldite kuwa matsalarsa ta fi wannan muni, domin shi yana kamawa, har ya wuce gona da iri. Ranar da ƙarfen ya ja, ko wani ya bugi madubin da kai, maimakon gam ya saki sai gilashin ya saki. Na taɓa ganin ɗan ƙarfen da ya fito da ɓallin gilashi manne a bayansa, ya bar rami a gilashin gaba, daga ramin kuma tsaga ta miƙe ƙasa. Garin gyaran gira an rasa ido.

Abin da za ka nema shi ne gam ɗin da aka yi musamman don madubin tsakiya. Kamfanoni irin su Permatex da Loctite da 3M duk suna yin sa, kuma za ka ga hoton madubi a jikin kwalin. Abu biyu ne a ciki: ɗan bututun gam ƙarami ƙwarai, da kuma wani ruwa da ake fara shafawa, wanda shi ke tayar da gam ɗin ya kama. Wani kamfani yana sa ruwan a ɗan ƙyalle cikin leda, wani kuma a ɗan bututu mai kwalba a ciki, sai ka matsa ta fashe ruwan ya jiƙa audugar da ke bakinsa. Duba ranar lalacewa kafin ka biya. Kwalin da ya daɗe a rataye yana shan zafi, sau da yawa za ka buɗe ka tarar ruwan farkon ya bushe ƙaf, kuma ba tare da shi ba gam ɗin ba zai yi komai ba. Ka karanta takardar da ke ciki, ko da ka taɓa yi da na wani kamfani, saboda mintocinsu sun bambanta.

Sauran kayan ba su da yawa: sabuwar reza, sanfefa mai laushi (lamba 220 zuwa 400 ta isa), sipirit, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, salatif na takarda, maka, da abin kwance sukurun madubin.

Kafin ka taɓa komai

Shafa yatsa a wurin da madubin ya bari. Idan tudun tsohon gam ka ji, lafiya lau. Idan rami ka ji, gilashin ne ya ɓalle, kuma gam ba zai kama a rami ba. Gilashin gaba falle biyu ne da siririyar roba a tsakani, don haka ɓallin bai huda shi ba, amma wurin ya riga ya yi rauni. Idan ɓallin ƙarami ne kuma babu tsaga, ana iya matsar da ƙarfen sama ko ƙasa kaɗan zuwa lafiyayyen wuri. Idan tsaga ta fara tafiya, bar maganar madubi, maganar gilashi ake yi yanzu.

Sannan dubi irin motar. Sababbin motoci da yawa suna da kyamara a bayan madubin, wadda ke lura da layin titi da motar da ke gaba, wasu kuma da na'urar da ke jin saukar ruwan sama ta kunna waifa. Idan madubin ne kawai ya faɗo, kyamarar tana nan daram a mazauninta, kana iya yin aikinka. Idan mazaunin kyamarar ne ya saki, kada ka liƙa da kanka. Kaucewar da ido ba zai gani ba ta isa ta sa motar ta riƙa auna hanya ba daidai ba, kuma sai an saita ta da na'ura. Haka nan idan abin da ya ɓalle na roba ne ba ƙarfe ba, duba kwalin da kyau, yawancin irin wannan gam don ƙarfe da gilashi aka yi shi. Wanda kuma ya sa wa gilashin gabansa tintek daga ciki, sai ya yanke ledar daidai girman ƙarfen, domin gam a kan leda ledar zai riƙe, ita kuma ta ɓamɓaro.

Idan madubin mai waya ne, zare soket ɗin tun yanzu. Kada ka bar shi yana lilo a jikin waya ko da na tafiyar yini ɗaya ne.

Yanzu sai alama, kuma wannan ne matakin da aka fi mantawa. Da zarar ka goge tsohon gam, shaidar wurin ta tafi. Fita waje, ka nemo inuwar tsohon gam ta cikin gilashin, ka kewaye ta da salatif ko ka zana ta da maka daga waje. Idan inuwar ba ta fito sosai ba, shiga ciki ka hura wa wurin hucin bakinka, za ka ga siffar ƙarfen ta bayyana a cikin tururin. Lokacin da kake zanawa, sa idonka ya fuskanci gilashin kai tsaye. Gilashin a kwance yake kuma yana da kauri, idan ka leƙa shi a karkace alamar za ta kauce.

Raba ƙarfen da madubin

Hanya uku aka fi amfani da su. Wasu suna da ɗan sukuru a ƙasan gindin, na alanki ko mai bakin tauraro, sau da yawa T20. Ka sassauta shi, ƙarfen ya zame ya fito. Wasu suna da ɗan harshen sifirin da za ka danna da siririn sukundireba sannan ka turo ƙarfen. Wasu kuma, musamman a motocin Turai, murɗawa ake yi su saki. Kada ka yi ta da ƙarfi kafin ka gane wanne ne a hannunka.

Kafin ya gama fita, lura da yadda yake zaune. Wane gefe ne sama? Wace fuska ce ke kallon gilashi? Galibi ɗan ƙarfen yana da gefe siriri ko mai zagaye da gefe mai faɗi, kuma siririn ne ke sama, don madubin daga sama ake zuro shi ya sauko ya matse. Amma kada ka dogara da galibi. Ɗauki maka ka zana kibiya mai nuna sama a fuskar da ke kallon cikin mota. Ni har hoto nake ɗauka da waya. Daƙiƙa biyar ce, amma ita ce tsakaninka da liƙa shi a kife.

Gogewa, inda aikin yake

In da za a raba wannan aiki kashi goma, tara na nan. Gam ba ya kama datti, ba ya kama maiƙo, ba ya kama tsohon gam. Ƙarfe tsirara da gilashi tsirara yake so.

Fara da ƙarfen. Kankare abin da reza za ta iya ɗauka. Sannan shimfiɗa sanfefa a kan abu shafaffe mai tauri, ka kifa ƙarfen a kai ka riƙa gogawa kana zagayawa. Kada ka riƙe sanfefar a hannu kana bin ƙarfen da ita, yin haka yana cinye gefuna ya bar tsakiya da tudu, ƙarfen ya riƙa rawa a kan gilashi. Ɗaga ka duba a haske. Tsohon gam yakan yi launin ruwan zuma ko toka-toka, kuma yana ɓuya a gefe-gefe. Ci gaba har fuskar ta zama launi ɗaya daga baki zuwa baki, ba tabo ko ɗaya. Ka wanke da sipirit, ka ajiye shi a kan tsumma fuskar tana kallon sama. Daga nan kuma ta gefe kawai za ka riƙa ɗaukarsa. Yatsan da kake gani fes yana da maiƙon da ya isa ya ɓata aikin.

Sai gilashin. Shimfiɗa tawul a kan dashbod saboda ɓarɓashi da ɗigon gam. Kwantar da rezar sosai, kusan ta kwanta a jikin gilashin, ka riƙa turawa gaba a hankali. Sabuwar reza a kwance ba ta yi wa gilashi komai. Tsohuwa mai kaushin baki ko wadda aka tsayar a tsaye ita ke karce shi. Kunnenka zai gaya maka lokacin da ka gama: muddin akwai saura za ka ji tana ƙaras-ƙaras tana tuntuɓe, idan ya fita sai ta wuce sumul ba sauti. Idan wurin yana cikin baƙin fentin nan mai ɗigo-ɗigo da ke saman gilashi, sassauta hannu. Gasa shi aka yi a jikin gilashin, ba ya fita da sauƙi, amma ba a sa masa sanfefa.

Goge da sipirit, ka juya tsumman zuwa wuri mai tsabta ka sake gogewa. Kada ka yi amfani da fetur ko kananzir, suna barin maiƙo. Ruwan wanke gilashi na feshi ma ba na yarda da shi a nan, yawancinsu suna barin wani santsi da ido ba ya gani. Goge wuri mai faɗi fiye da inda ƙarfen zai zauna, don gilashin mota daga ciki yana tara wani dusashe mai maiƙo da robobin dashbod ke fitarwa idan sun sha zafi, kuma tsumma na iya jawo shi daga gefe ya dawo da shi tsakiya.

Liƙawa

Lokaci yana da muhimmanci. Irin wannan gam ya fi son matsakaicin yanayi, wajen digiri 10 zuwa 25. Kai motar inuwa ka bar gilashin ya huce har ka iya ɗora bayan hannunka ka ji ba zafi. A gilashi mai zafi ruwan farkon yana ƙonewa nan take, gam ɗin kuma ya kama kafin ka daidaita. Da safe ya fi, amma ka tabbata babu raɓa ko gumi a cikin gilashin. A wurin da ake tsananin sanyi kuwa, a kunna hitar mota ta ɗan ɗumama shi tukuna. Buɗe ƙofofi, don ruwan yana da wari kuma yana kama wuta. Sigari ya jira.

Kafin ka buɗe gam, gwada da busasshen ƙarfe. Zauna yadda za ka zauna, ka nemi inda za ka jingina gwiwar hannu, ka kai ƙarfen kusa da alamar ba tare da ya taɓa gilashin ba. Minti guda da hannu a sama ya fi yadda ake zato tsawo, gara ka san zamanka tun yanzu.

Shafa ruwan farkon a gilashi, daidai cikin alamar har ya ɗan wuce ta. Yawancin kamfanoni suna cewa a shafa wa fuskar ƙarfen ma. Bi abin da takardarka ta ce. Bar shi ya bushe, galibi kamar minti biyu. Kada ka hura masa baki, kada ka taɓa don ka ji ko ya bushe.

Sannan gam: ɗigo ɗaya, a tsakiyar ƙarfen, ba a gilashi ba. Na san zuciya za ta ce ƙara. Kada ka ƙara. Wannan gam a siririn shafi yake kamawa, inda ya matse tsakanin ƙarfe da ruwan da ka shafa. Idan ya yi kauri, tsakiyarsa ba ta bushewa da kyau, sai ƙarfen ya zauna a kan abu mai laushi. Ɗigo ɗaya idan ka danna zai bazu ya kai ko'ina. Daga waje ma ana iya ganin yadda yake mamaye fuskar.

Duba kibiyarka. Kai ƙarfen kan alamar a tafi ɗaya, ka danna da babban yatsa, ka tsaya cik. Ba murzawa, ba gyarawa, ba ɗagawa a leƙa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi yake fara kamawa, kuma duk motsin da ka yi bayan nan karya abin da ya fara haɗuwa kake yi. Dannawa mai ƙarfi daidai misali ake so, ba turawa da kafaɗa ba, musamman idan gilashin yana da tsohuwar tsaga a wani wuri. Riƙe minti ɗaya cur da agogo, in ka kai biyu babu laifi. Saki a hankali. Abin da ya tsatso ta gefe ba zai bushe ba, share shi da ɗan sipirit a bakin tsumma, kana jan hannu daga ƙarfen zuwa waje.

Takardu suna cewa a jira minti 15, wasu 30, kafin a rataya madubin. Wannan mafi ƙaranci ne. Ni idan ba tafiya ce ta kama ni ba, barinsa nake ya kwana, musamman madubi mai nauyi irin mai rage hasken fitila da kansa. Sauri ya haifi nawa.

Mayar da madubin

Zuro shi daga sama ya sauka a kan ƙarfen har ya zauna. Mai sifirin za ka ji ya yi ƙas. Mai murɗawa ka sa shi a karkace kamar yadda ya fita, ka juyo shi daidai. Mai sukuru kuma a nan ake ɓarna: ɗaure shi kawai har madubin ya daina rawa, ka tsaya. Sukurun yana tokare ƙarfen ne, idan ka ci gaba da murɗawa kana ɓamɓaro shi daga gilashi da hannunka, wani lokaci har gilashin ya tsage.

Kada kuma ka sa gam tsakanin gindin madubin da ƙarfen wai don ya ƙara ƙarfi. Da gangan aka yi shi ya iya fita. Dokar kera motoci ta Amurka, misali, ta ce madubin ciki da ke inda kai zai iya bugawa dole ya kauce ko ya ɓalle, ba tare da barin kaifi ba, idan ƙarfin da ya kai nauyin kilo 40 ya buge shi. Ranar hatsari gara madubi ya tafi da a ce goshi ne ya tarar da shi a kafe.

Mayar da soket, ka bar wa wayar ɗan sako-sako don kada ta riƙa jan madubin. Cire salatif ɗin waje, ka goge makar da sipirit. Wajen saita shi, riƙe wuyan da hannu ɗaya ka juya madubin da ɗayan, har ka ga gilashin baya gaba ɗaya daga inda kake zaune ba tare da ka ɗaga kai ba. Ɗan harshen da ke ƙasansa na dare ne, ka tabbata yana matsayin rana lokacin da kake saitawa.

Idan ka gama ka ga ƙarfen a kife yake, ko ya karkace, kada ka sa sukundireba a ƙarƙashinsa ka ɓanɓara, kada kuma ka ja shi waje. Ɗumama ƙarfen a hankali da na'urar busar da gashi, kana yawo da ita don kada zafi ya taru wuri ɗaya, sannan ka kama shi da sipana mai daidaitawa ka murɗa gefe da gefe a hankali har ya saki. Bayan nan aikin ya koma farko: reza, sanfefa, sipirit, da sabon kwalin gam, don ruwan farkon da aka buɗe ba ya ajiyuwa.

Wanda nasa ke yawan faɗowa duk da ya bi waɗannan matakai, ya duba abu biyu. Na farko tarkacen da ke rataye a wuyan madubin: abin ƙamshi, kayan ado, katin shaida, wani har da kyamara ko waya a maƙale. Ba nauyinsu kaɗai ba ne, lilon da suke yi a kowane rami fizga ce a kan gam ɗin. Na biyu kuma gaɓar da madubin ke juyawa a kanta. Idan ta yi tauri har sai an sa ƙarfi kafin ta motsa, to duk wanda ya shiga ya gyara madubi yana amfani da wuyan ne yana ɓamɓarar ƙarfen, balle motar da mutum biyu masu tsawo daban suke tuƙawa. Gwada ta a hannu tun madubin yana ƙasa. Idan tana da sukurun sassautawa, sassauta kaɗan. Idan babu, ɗan feshin silikon a kan ƙwallon gaɓar yana sakin ta, amma ka yi shi nesa da mota, ka wanke hannu da sabulu kafin ka koma kusa da gilashin, domin silikon ko kaɗan ya taɓa wurin, gam ba zai kama ba.